Gurbin da Baba Yake Bari a Wasiƙa

Washegarin bikin jikata na koma zauren da muka kama a unguwar Rusaifa, nan Makka, don in ɗauko sandata da na manta, sai na tarar ana shara. Katunan gayyata ne birjik a ƙasa, cikin ɓawon lemo da ƙasusuwan rago da kofunan roba. Kati ne na gani na faɗa, an buga Bisimilla a samansa da ruwan zinare, sunan Allah cikakke, har da furanni a gefe. Mai sharar aikinsa yake yi, bawan Allah, hannu ɗaya da tsintsiya, ɗaya da waya a kunne. Na sunkuya na tsinci guda uku, gwiwoyina suka tuna mini shekaruna, na miƙe da ƙyar. Sauran na bar su. Na dawo gida da sandata da kati uku a aljihu, da kuma wani nauyi a ƙirji wanda na ɗauka ya daɗe da barina.

A Misfala aka haife ni, a wani lungu da yanzu in ka je nemansa sai dai ka tambayi mai gadin otal. Faɗinsa bai wuce jaki da kayansa ba. Da asuba kiran sallar Harami yakan iso mana a hankali, yana bin duwatsu, ba kamar yanzu da yake faɗo wa mutum ta ko'ina lokaci guda ba. Bayansa sai gunjin tattabaru, sai ƙarar garwaye, 'yan garuwa suna hawa tudu da sanda a kafaɗa suna neman a ba su hanya. Hantsi na yi, ƙamshin ful, dafaffen waken Larabawa, da burodin tanda ya haɗu da na ƙosan matan unguwa. Hausa ake yi a cikin gida, Larabci a bakin ƙofa, a tsakiyar lungu kuwa a cakuɗa su yadda malamin kowane harshe cikin biyun zai zubar da hawaye. Ga kuma awaki. Wanda bai ga awakin Makka na wancan zamani ba bai ga dabba mai son karatu ba. Ciyawa babu, don haka takarda suke ci: kwali, jarida, har littafin ɗan makaranta in ya yi sakaci.

Saboda awakin nan, da kuma ƙafafun mutane, kowane yaro a lungunmu yana da wani aiki bayan ɗebo ruwa da zuwa aike. In ka ga takarda a ƙasa ba ka tsallake ta. Ka ɗauka, ka karkaɗe, ka duba. In da sunan Allah a jiki ka sumbace ta, ka ɗora a goshi, ka cusa ta a tsagar bango inda bakin akuya ba zai kai ba. Inna ba ta iya karatu ba, saboda haka a wurinta kowace takarda abar tuhuma ce har sai an wanke ta. “Duba kafin ka taka,” ita ce maganar da ta fi yi mana, ta fi “ka ci abinci?” yawa. Na taɓa sumbatar takardar sabulu a gabanta don kawai a zauna lafiya. In tsagogin suka cika, Baba ya bi ya zaƙulo su, ya ƙona a sabon kasko, ya kai tokar gindin dutse ya binne.

Baba marubucin wasiƙa ne. Yana zama a tabarma a inuwar wani bango kusa da mai shayi, da ɗan akwatinsa na alƙaluman kara da takardu da tawadar da Inna ke dafa masa da ƙaro. Alhazai su zo, mazauna su zo, mata su aiko, kowa ya faɗi abin da ke ransa ya rubuta da ajami, masu komawa gida su ɗaure a kaya su tafi da shi. Wasiƙar Bahaushe kuwa kashi uku cikin huɗu gaisuwa ce, gaisuwar kuma ba ta taku biyu ba ta ambaci Allah ba: in ya yarda, ya jiƙan wane, ya raya abin da aka samu, ya sa mu gana. To duk inda sunan ya zo, Baba ba ya rubuta shi cikakke. Alif yake yi, ya ja ɗan layi, ya bar gurbi kamar faɗin ƙwayar wake, ya wuce. In ya zo maimaita wa mai wasiƙa abin da ya rubuta, sai ya faɗi sunan da baki, cike da girmamawa. Masu karantawa a Kano da Sakkwato da Damagaram sun saba, su ma da baki suke cikewa.

Ba wanda abin ya taɓa ba wa mamaki, kuma da dalili. Mu mutane ne da muka san cewa ƙin kama suna ma girmamawa ce. Inna ta yi sama da shekara arba'in da Baba, ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa furta sunansa ba; ni kuma da nake ɗan fari, “kai wannan” nake a bakinta har na yi gemu. Wanda ya tashi a irin wannan gida, in ya ga gurbi a takarda zai ɗauka kunya ce, ya wuce. Ni kaɗai ne ban wuce ba, domin tun ina ƙarami ina da ciwon tambaya, wanda daga baya aka ba ni albashi a kansa aka kira ni malami.

Wata rana muna dawowa daga binne toka na matsa masa, sai ya gaya mini. Tafiyar ƙasa suka yi shi da Inna da wani amininsa da muke kira Baffa, shekaru suna tafe suna yada zango, inda guzuri ya ƙare a tsaya a yi aiki. A Umdurman suka fi daɗewa. Can Baba ya yi shekara uku yana ɗaure diloli a kantin yadi na wani Bayahude. Ya ce mutumin bai taɓa hana shi tashi salla ba, da Inna ta yi rashin lafiya kuma shi ya kira mata likita. Ya lura in maigidan zai rubuta wasiƙa yakan sa harafi biyu na rubutunsu a sama, da ɗan ɗigo, kullum haka. Da ya tambaya, mutumin ya ce ambaton Ubangiji ne, amma su ba sa rubuta sunan cikakke a takardar yau da kullum. Takarda, in ji shi, tana zuwa inda mai ita ba zai iya bin ta ba. In an taka sunan ko an goge shi, wanda ya rubuta ne ya fito da shi waje. Ya ce littattafansu ma in sun tsufa ba a jefar da su, kai su ake yi maƙabarta a binne. Baba ya ce a ranar ya ji kunya ta rufe shi, shi da ya haddace izu talatin amma bai taɓa tunanin inda rubutunsa ke kwana ba. Daga nan ya ɗauki abin. Da ya gama ba ni labari bai ce in rufe bakina ba. Ya ɗauka ya haifi mai hankali.

Ina da shekara goma sha takwas, ina makarantar horon malamai, na iya nahawu, na iya bugun ƙirji. A shekarun nan rediyo ba ta da zance sai na yaƙi, kalmar Yahudu kuma in ta fito daga bakin mutum sai an waiwaya. A unguwarmu akwai wani da ake kira Ustazu, wanda ya yi karatu shekara biyu ya dawo da gemun shekara ashirin. Ba zan zalunce shi ba, mutum ne mai tsoron Allah da gaske, sai dai tsoron nasa ya fi kama wasu fiye da shi kansa. Wata la'asar Baba ya tafi Jidda kai wa masu jirgin ruwa ɗaurin wasiƙu, ana zaune wurin mai shayi, sai Ustazu ya ɗago zancen gurbin. Wata tsohuwa ce ta ba shi wasiƙarta ya duba mata, ya gani. Yana tambaya a wane littafi aka samo wannan. Wani ya ce al'adar malaman Barno ce, wani ya ce tsimin tawada ne, aka yi ta lalube. Ni kuwa ga ni zaune da amsa a baki tana ƙaiƙayi. Na kurɓi shayi, na gyara murya irin ta malaminmu na balagar Larabci, na ce su daina wahalar da littattafai, ba a cikinsu take ba, a kantin wani Bayahude Baba ya yi wannan karatu a Umdurman.

Dariya na zata za a yi. Mai shayi ya miƙa hannu ya rage muryar rediyo. Baffa, wanda yake zaune a gefe yana jan carbi, ya dube ni sau ɗaya, ya tashi ya sa takalmansa.

Kwana uku maganar ta yi tana girma. Ranar farko Baba ya koyi rubutu wurin Bayahude. Ta biyu ya zama yana goge sunan Allah daga wasiƙun Musulmi. Ta uku aka ce layin nan da yake ja wata alama ce da ake aikawa waje, su can sun san ma'anarta. Tabarmarsa ta zama wayam, masu wucewa suna gaishe shi daga nesa kamar mai ƙyanda. Wanda bai yi zaman Takari ba ba zai gane abin da wannan ke nufi ba. Rabin lungunmu ba su da iƙama, takardar izinin zama. Mu da muke da ita, a hannun kafili take, wato mai tsaya mana, wani ɗan kasuwa da ba ya son sunansa ya fito a wata magana. In zancen ya tsallake unguwa ya shiga kunnen hukuma, ba sai an tabbatar da komai ba, a tasa ƙeyar mutum da iyalinsa zuwa Jidda a sa su a jirgi. Da yaron kafili ya zo ya tsaya a ƙofarmu yana tambayar ko lafiya, Inna ta shigo ɗaki ta same ni. Ba ta ɗaga murya ba.

“Kai wannan, ƙannenka huɗu a nan aka yanke musu cibiya. Kano a baki suka san ta. In aka kwashe mu, wa za ka kai su wurinsa, malamin nahawun?”

Baba kuwa harkarsa ya ci gaba da yi. Yana cin tuwonsa, yana fita salla, yana dawowa. Da ya zage ni da na fi samun barci.

Baffa ne ya ce a kashe wutar a cikin gida. Ya tara dattawan unguwa a zaurensa bayan sallar Juma'a, aka kira Baba, aka ce ni ma in zo. Zafi ake yi irin wanda fanka ke juya shi kawai ba ta rage shi. Ustazu ya yi bayani mai tsawo a kan haɗarin kwaikwayon waɗanda ba Musulmi ba, sannan ya juyo ya tambayi Baba kai tsaye, gaskiya ne wurin Bayahude ya ɗauko wannan abu? Na ga Baba ya dubi Baffa, mutumin da suka kwana a ɗaki ɗaya a Umdurman, wanda ya sha cin abinci a bayan kantin nan. Baffa ya sunkuyar da kai yana kallon carbinsa. Baba mutum ne da ko a ciniki ba ya cewa “haka na saya” in ba haka ya saya ba. Ya buɗe baki ya ce:

“Ban taɓa zama da Bayahude ba. Yaro ne, karatun makaranta ya yi masa yawa.”

Aka kwashe da dariya. Dariyar da na nema a wurin mai shayi, ga ta ta zo, har da tafa hannu. Ustazu bai gamsu ba, ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. A nan ne Baffa ya ɗago, ya ce a zaurensa ba a rantsar da dattijo a kan maganar yaro, kuma ya faɗa da muryar da ba a ja da ita. Sai da na girma na gane abin da ya tsare wa amininsa a wannan rana. Aka sasanta a kan Baba ya rubuta Bisimilla a gaban kowa, a ga hannunsa ba ya ƙin sunan, kuma daga yau ya daina barin gurbi. Aka kawo akwatin. Ya fere alƙalami a natse, ya tsoma, ya rubuta. Ban taɓa ganin rubutu mai kyan wannan ba. Aka yi ta miƙa takardar hannu zuwa hannu ana yabawa, masu gumi a tafi suna dangwala mata yatsu, shi kuma yana bin ta da ido har ta zagayo.

Ba a kwashe mu ba. Mutane suka dawo tabarmarsa, har da Ustazu da wasiƙar surukarsa. Baba ya cika alkawari, yana rubuta sunan cikakke, sai dai kowa ya miƙa wa wasiƙa yakan roƙe shi ya gaya wa mutanen gida su adana ta ko su ƙona, masu karɓa suna cewa to, hankalinsu na kan kaya. Aikin hajjin shekarar ya zo ya wuce. Bayan alhazai sun watse, wata safiya yana wucewa ta bayan wani masauki ya hangi ɗaurin takardu a bakin kwata, wata akuya tana ja. Wani alhaji ne kaya suka yi masa yawa ya rage. Wasiƙu goma sha wani abu ne, duk hannunsa. Ya kwaso su a gaban rigarsa ya kawo gida, ya zauna a tsakar gida ya wanke su ɗaya bayan ɗaya a ƙwarya, ya kai ruwan gindin dutse. Da ya dawo ya rufe akwatin ya tura ƙarƙashin gado. Carbi da hula ya koma sayarwa a faranti a hanyar Harami, yana tsaye a rana, har ƙafafunsa suka gaza.

Na yi karatu bayan haka, fiye da yadda ya amfane ni. Na tarar malamanmu na Musulunci tun da can sun yi magana a kan ƙyamar rubuta sunan Allah a inda za a wulaƙanta shi, na ga wasiƙun mutanen kirki da suke buɗewa da “da sunansa Maɗaukaki” don gudun haka. Da na san wannan a zauren Baffa, da jimla biyu sun isa. Amma ni a lokacin na san wanda aka koya a wurinsa ne kawai, ban san abin da aka koya ba. Na kuma karanta cewa har yau Yahudawa masu riƙo da addini suna nan a kan al'adarsu, ko da rubutun boko suke yi sai su cire harafi su sa ɗan layi. Mu kuwa mun wadata. Sunan yana jikin leda, yana jikin kalanda, yana bayan motocin da ke jigilar alhazai zuwa Muzdalifa, yana kan takardar da aka naɗe maka sabulu. An ajiye akwatuna a bakin masallatai don irin waɗannan takardu, na yaba, sai dai na leƙa ɗaya na ga har da kwalin magani. Jikokina suna aika shi a waya sau ɗari a yini, in wayar ta cika su share da yatsa ɗaya. Na tambayi ɗayarsu ina yake tafiya in an share, ta ce, “Ya jaddi,” wato kakana, “ba ya zuwa ko'ina.” Wataƙila ta fi ni gaskiya. Ni ma ga shi ina ta rubuta shi a nan ba fargaba, ban kuwa san a hannun wa wannan takarda za ta ƙare ba.

Shekara ashirin da wani abu na yi ban buɗe maganar da Baba ba. Na koyar da 'ya'yan mutane yadda ake ba da haƙuri da Larabci mai kyau, ni ban iya da Hausa ba. Sai a rashin lafiyarsa ta ƙarshe, wata walaha ina yanke masa farce, na ce Baba ka yafe mini abin da na yi a wurin mai shayi. Ya bari na gama da yatsan da nake kai. Sannan ya ce wannan ya daɗe da yafewa, ai ba ƙarya na yi ba. Ya ce sana'ar ma ba ta dame shi ba, carbi ma abinci ne.

“Mutumin nan na Umdurman ne,” in ji shi. “Shekara uku ina cin abincinsa. Uwarka tana raye saboda likitan da ya kira. Na zauna ina jin kiran sallar Harami na ce ban san shi ba.”

Na ce ai dominmu ya yi, Allah kuma ya ga zuciyarsa. Ya ce ya sani, shi ma abin da yake gaya wa kansa ke nan, wata rana ya yarda wata rana bai yarda ba. Na ci gaba da yankan farcen. Can sai na ce, cikin son in sassauta masa, ya gaya mini sunan mutumin, ko ba komai a samu wanda zai riƙa tunawa da alherinsa. Ya juyo ya dube ni, idonsa ya yi ɗan haske irin na da, har gefen bakinsa ya motsa.

“A'a, Malam,” ya ce. “Bar shi a wurina. Kai abu ba ya kwana a bakinka.”

Ya miƙo mini ɗaya hannun. Bayan kwana tara muka kai shi, da sunan a cikinsa.